Yadda Ake Auna Ƙwayoyin Ƙasar Gona, Da Hannu Da Kuma Lantarki

Wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato ya nufi Jega, zai ratsa Boɗinga da Shagari, zai kuwa ga ƙasa iri biyu a fili. A kan tudu akwai jigawa mai rairayi inda ake shuka gero da wake da gyaɗa. A kwari akwai fadama mai baƙar laka inda ake shinkafa da damina, a yi albasa da tumatir da rani. Kowane manomi na Sifawa ko Dingyaɗi ko Dandin Mahe ya san wannan bambanci tun yana yaro. Amma fa an ce ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Yanzu da buhun takin zamani da man injin ban-ruwa suka yi tsada, kima kaɗai ba ta isa ba. Manomin da bai san yawan rairayi da lakar gonarsa ba yana iya zuba takin kuɗi masu yawa, ruwan sama guda ya tafi da shi ƙarƙashin ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Wannan darasi zai bayyana yadda ake auna ƙwayoyin ƙasa, da abin da awon ke koya wa mai gona.

ƘASA ƘWAYA UKU CE

In an ɗebi ƙasar gona, aka cire tsakuwa da ɓurji da ruɓaɓɓen ciyayi, abin da ya rage ƙwayoyi ne iri uku. Masana sun raba su bisa ga girmansu, da awon milimita. Inci guda milimita 25 ne da ɗan ɗoriya.

Na farko rairayi. Ƙwayarsa daga milimita 2 ne zuwa kashi ɗaya cikin 20 na milimita. Ana ganinsa da ido, ana jin kaushinsa a yatsa.

Na biyu turɓaya, watau lallausar ƙasa mai laushi kamar garin tuwo. Ƙwayarta daga kashi ɗaya cikin 20 na milimita ne zuwa kashi ɗaya cikin 500. Ƙurar hunturu da ke kwanta a kan tabarma da kwanuka yawancinta irin wannan ce, iska ke ɗauko ta tun daga wani busasshen kwari da ke arewacin ƙasar Cadi.

Na uku laka, ko yumɓu. Ƙwayarta ba ta kai kashi ɗaya cikin 500 na milimita ba. Sai an jera guda 500 ko fiye kafin su cika milimita guda.

Dalilin da ya sa wannan rabo ya zama abin kula shi ne, ruwa da abincin shuka a jikin ƙwayoyi suke maƙalewa. In an ɗauki ƙwayar rairayi mai milimita guda aka farfasa ta ƙanana, ko wace kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, nauyin bai ƙaru ba, amma faɗin jikin da ruwa zai kama ya ninka sau 1,000. Shi ya sa laka ke riƙe ruwa da taki, rairayi kuwa ya sake su kamar rariya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zurfin mita guda na rairayi yana ajiye wa shuka ruwa milimita 25 zuwa 100, ƙasa mai gauraye 100 zuwa 175, laka kuwa 175 zuwa 250. A ƙasar Sakkwato, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, wannan bambanci shi ne tsakanin geron da ya jure fashin ruwa na kwana goma da wanda ya ƙone.

ASALIN RAIRAYIN TUDU

Cikin shekarun 1960 wannan Hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban binciken ƙasa da ruwa a kwarin Sakkwato, aka fitar da rahoto a 1969. A 1971 kuma waɗansu masana biyu mutanen Holan, Sombroek da Zonneveld, suka buga bayani a kan ƙasar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Sun nuna cewa rairayin da ya rufe tuddai da yawa na wannan yanki tsohon tulin yashi ne wanda iska ta tara tun zamanin da ƙasar ta fi haka bushewa. Ƙasar da iska ta kawo tana da alama: ƙwayoyinta kusan girmansu ɗaya, domin iska tankaɗe take yi. Ƙasar fadama kuwa ruwa ya kawo ta, shekara bisa shekara, saboda haka hawa-hawa take. Ana iya samun laka a sama, a haƙa kamu guda a tarar da yashi zalla, ko kuwa a sami yashi a sama laka a ƙasa. Wannan shi ne dalilin da ya sa awon fadama ya fi na tudu wuya, ya kuma fi shi amfani.

AWON HANNU

Awo na farko ba ya bukatar ko kwabo. A ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, a cire tsakuwa, a ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa har ta yi danshi amma ba ta manne wa hannu ba.

In ta ƙi dunƙuluwa sam, rairayi ce zalla. In ta dunƙule amma ta watse da an taɓa, rairayi ce mai ɗan gauraye, irin yawancin gonakin gero. In an murza ta ta miƙe kamar igiya mai tsawon inci 6, amma ta karye da an lanƙwasa, ƙasa ce mai gauraye, ita ce manoma suka fi so. In igiyar ta lanƙwasu har ta zama zobe ba tsagewa, wannan laka ce sosai, irin wadda maginan tukwane ke nema.

AWON KWALBA

Awo na biyu ya dogara ne ga wata ƙa'ida da wani masani na Ingila, George Stokes, ya bayyana a 1851. Ƙa'idar ita ce, in an zuba ƙwayoyi cikin ruwa, babba ta riga ƙarama nutsewa, kuma ba da kaɗan ba. Ƙwayar da ta fi wata girma sau 2 ta fi ta saurin nutsewa sau 4, wadda ta fi sau 10 ta fi ta sauri sau 100. Ƙwayar rairayi mafi ƙanƙanta takan nutse zurfin inci 4 cikin daƙiƙa 45 ko kusa da haka. Ƙwayar laka mafi girma sai ta yi kusan awa 8 kafin ta kai wannan zurfi in ruwan da sanyi. A zafin bazara na Sakkwato ruwa ya fi tsinkewa, sai ta kai cikin awa 6 da 'yan mintoci.

Ga yadda ake yi. A sami farar kwalba mai miƙaƙƙen jiki da murfi. A shanya ƙasa, a murmushe ta, a tankaɗe, a zuba har sulusin kwalbar. A ƙara ruwa mai tsabta har kusan wuya, a sa ƙaramin cokali guda na garin sabulun wanki domin ya raba ƙwayoyin laka da ke manne da juna. A rufe, a girgiza da ƙarfi minti 10. Sa'an nan a ajiye a wuri mai daidai. Bayan minti guda a yi alama a inda ƙasa ta kwanta, wannan rairayi ne. Bayan awa 2 a sake alama, abin da ya ƙaru turɓaya ce. A bar kwalbar kwana 2 ko fiye har ruwa ya washe, abin da ya kwanta a sama laka ce.

Misali, a ce duka tsawon ƙasar da ta kwanta santimita 10 ne, rairayi ya ci 8 da rabi, turɓaya 1, laka rabi. To, gonar nan rairayi 85 ne cikin 100, turɓaya 10, laka 5. Wannan lissafi ɗan makaranta ma zai iya yi wa mahaifinsa. Ba a kiran ƙasa laka sai lakar cikinta ta kai 40 cikin 100.

AWON ƊAKIN BINCIKE

A ɗakunan binciken ƙasa, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wannan ƙa'ida ta Stokes ita ce tushen awo, sai dai an tsananta shi. Wani malami a Mishigan ta Amurka, George Bouyoucos, ya fito da hanyar a 1927. Akan auna giram 50 na ƙasa, a zuba mata maganin raba ƙwayoyi, a kaɗa, a cika doguwar kwalba mai lita guda. Sa'an nan a tsoma wani ma'auni na gilashi mai yawo a kan ruwa. In ruwan ya yi kauri da ƙasa ma'aunin ya taso, in ƙasar ta kwanta ya nutse. A karanta shi bayan daƙiƙa 40, a sake karantawa bayan awa 2. Hanyar tana da arha, ba ta bukatar wuta. Aibinta shi ne jinkiri, kuma kashi uku kaɗai take bayarwa. Ba ta faɗin ko turɓayar mai laushi ce ko mai kaushi.

NA'URAR LANTARKI MAI ƘIRGA ƘWAYOYI

A ƙarshen shekarun 1940 wani injiniya a birnin Shikago ta Amurka, Wallace Coulter, ya ƙago wata na'ura domin ƙirga ƙwayoyin jini. Gwamnatin ƙasarsu ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha a 1953. Har yau na'urorin gwajin jini na asibitoci da yawa da ita suke aiki. Da ya ke ƙwayar jan jini ba ta wuce kashi 7 ko 8 cikin 1,000 na milimita ba, watau daidai da girman turɓaya, masana ƙasa suka ga na'urar za ta yi musu amfani.

Ga yadda take aiki. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, ƙwayar ƙasa kuwa ba ta ɗauka. Akan sami ƙoƙon gilashi cike da ruwan gishiri wanda aka tace sarai, gishirin kamar kashi ɗaya cikin 100. A tsoma wani bututun gilashi a ciki, mai ƙofa guda ɗaya tak a gefensa, ƙofar ba ta fi kaurin gashin kai ba. A sa ƙarfe guda cikin bututun, guda a wajensa, a saki wuta. Wutar ba ta da hanya sai ta wannan ƙofa. Sa'an nan a ɗiga ƙasar da aka dama, kaɗan ƙwarai, famfo ya riƙa tsotso ruwan ta ƙofar.

Mai zaune cikin zaure da rana ya san in wani ya gitta ƙofa, haske yakan ragu. In yaro ne ya ragu kaɗan, in ƙato ne ya ragu da yawa. Ko bai ɗaga kai ba zai iya faɗin mutum nawa suka shiga, manya nawa, yara nawa. Haka na'urar take. Ko wace ƙwaya ta shiga ƙofar sai ta ture ruwan gishiri daidai girman jikinta, hanyar wuta ta ƙuntata na ƙiftawar ido, na'ura ta rubuta. Yawan ƙiftawar shi ne yawan ƙwayoyi, ƙarfin ko wace ƙiftawa shi ne girman ƙwayar. Tana ƙirga dubbai cikin daƙiƙa guda, ta jera su aji-aji, cikin 'yan mintoci an gama abin da kwalba za ta kwana tana yi.

Akwai abu guda da akawu mai karanta takardar awon ya kamata ya lura. Ƙidaya dabam, nauyi dabam. Ƙwayar rairayi guda mai milimita ɗaya daidai take da ƙwayoyi miliyan 1,000 masu kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. In an bi ƙidaya, ko jigawa sai a ce laka ce. Saboda haka tilas a juya ƙidayar ta koma girma da nauyi kafin a gwada ta da awon kwalba.

INDA NA'URAR TA GAZA

Na'urar tana da iyaka, kuma iyakar ta shafi ƙasar Boɗinga da Shagari ƙwarai.

Na ɗaya, ko wace ƙofa tana auna ƙwayoyin da suka kai kashi 2 zuwa kashi 60 cikin 100 na faɗinta ne kaɗai. Wadda ta fi haka girma sai ta toshe ƙofar, wadda ta gaza na'ura ba ta jin wucewarta. Rairayin tudu yana da nauyi, yakan kwanta a gindin ƙoƙon kafin famfo ya jawo shi. Tilas a tankaɗe shi da rariyoyin waya a auna shi dabam. Gonar da rairayinta ya kai 85 cikin 100, na'urar ba ta ga komai ba sai ragowar.

Na biyu, lakar fadama tana da ƙwayoyi masu yawa da ba su kai rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba. Waɗannan sukan wuce ba a ƙirga su ba, sai awo ya nuna laka kaɗan alhali tana da yawa.

Na uku, gishiri yakan sa ƙwayoyin laka su dunƙule. In sun dunƙule na'ura ta ɗauke su ƙwaya guda babba. Haka kuma in an cika ƙasa cikin ruwan, biyu su shiga ƙofa tare, a ƙirga su ɗaya.

Na huɗu, ƙasar da ake ɗigawa ba ta kai kan tsinke ba. In tun a gona ba a ɗebo ta daidai ba, duk ƙwarewar na'urar banza ce. Ban da wannan tana son wuta tsayayya da ɗaki marar ƙura, ga tsada.

To, ashe aikinta na gaskiya shi ne rarrabe turɓaya filla-filla: ƙurar hunturu, da taɓon da ruwa ke kwasowa daga gonaki yana cike madatsun ruwa irin ta Shagari, da lallausar ƙasar da ke yin ɓawo a saman gona bayan ruwan sama har tsiro ya kasa fitowa. Ga manomin da ke son sanin rairayi nawa laka nawa, kwalba da ma'aunin gilashi sun wadatar.

Akwai wata hanyar lantarki kuma wadda ake yi a gona. Mutanen ƙauye sun sha ganin masu neman ruwa suna kafa ƙusoshi a ƙasa suna ja musu waya kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Laka mai danshi ta fi yashi ɗaukar wuta, don haka awon yakan nuna inda laka take da inda yashi yake ba tare da haƙa ba. Amma ƙasa mai gishiri ko kanwa ita ma tana ɗaukar wuta ƙwarai, saboda haka sai an haƙa rami ɗaya ko biyu an tabbatar.

YADDA AKE ƊIBAR ƘASA

A raba gona bisa ga kamanninta, tudu dabam, gangare dabam, fadama dabam, kada a gauraya. A ko wane yanki a zaga wuri 10 zuwa 15, a share ciyawa, a haƙa zurfin taƙi guda, kamar inci 8, a yanko ƙasa daga sama har ƙasa. A kauce wa suri, da juji, da gindin gawo, da turbar shanu. A haɗa duka cikin bokiti mai tsabta, a cuɗa, a shanya a inuwa, a ɗebi kamar rabin kilo. A rubuta sunan mai gona da ƙauye da zurfin da aka haƙa. A fadama a ƙara ɗiba ta biyu daga zurfin kamu ɗaya zuwa biyu, a ajiye ta dabam.

ABIN DA AWO KE KOYARWA

In rairayi ya yi yawa, kada a zuba takin yuriya gaba ɗaya. A raba shi biyu, rabi bayan mako 2 ko 3 da tsiro, rabi bayan mako 5 ko 6, a binne shi a gefen shuka lokacin da ƙasa ke da danshi. Masu bincike a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna amfanin zuba cikin murfin kwalbar lemo guda, kamar giram 6 na takin NPK, a ko wane ramin gero maimakon watsawa. Ba mai iya canja ƙwayar ƙasarsa, domin ba wanda zai ɗauko laka ya rufe eka guda. Abin da ke tsaya wa rairayi a madadin laka shi ne takin gargajiya: kashin shanu da tumaki, da toka, da sharar gida, da karan da aka bari a gona, da ganyen gawo. Su ne ke riƙe ruwa da abinci.

In laka ta yi yawa, ruwa ba ya shiga da sauri. Rairayi mai gauraye yana shan milimita 20 zuwa 30 cikin awa guda, laka kuwa 1 zuwa 5 kaɗai. Mai injin ban-ruwa a kan laka ya ba da ruwa a hankali, ya daɗe bai sake ba. Mai rairayi ya ba da kaɗan-kaɗan, akai-akai, da gajerun fangaloli. Wanda ya yi akasin haka ya ƙone mai a banza. Shinkafa tana son laka mai riƙe ruwa. Albasa da dankali da gyaɗa sun fi son ƙasa mai gauraye, domin a laka mai tauri 'ya'yan ba su sakewa, in ruwa ya kwanta kuma su ruɓe. Kada a shiga laka da garma tana jiƙe sharkaf, in ta bushe sai ta zama hoge kamar dutse.

Ɗan kasuwar da zai sayi gona, ko ya karɓi jingina, ko ya ba manomi bashin taki da iri, shi ma awon nan ya shafe shi. Fadamar da ke da laka taƙi guda a sama yashi a ƙasa ba ta riƙe ruwan shinkafa, ko da baƙinta ya yi kyau a ido. Haƙa rami guda da kwalba guda kafin a biya kuɗi ya fi shari'a bayan kaka.

Ƙwayar ƙasa ba ta sakewa daga bana zuwa baɗi, sai in zaizaya ko ambaliya ta taɓa gonar. Awo guda mai kyau zai yi wa mutum amfani shekaru da yawa, har ɗansa ya gada. Rani shi ne lokacin yinsa, tun ba a shiga sharar gona ba. Wanda ya yi awon kwalba ya rubuta abin da ya samu, ya kai wa Malamin Gona na yankinsa su duba tare kafin ya sayi takin bana. Allah ya ba da damina mai albarka.